Kawuna ya samo mini aikin sojan baka, ni kuma famfon sola nake son haɗawa

Sadiƙu Kurna:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da sauran 'yan'uwa na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, amma yau wata magana ta hana ni barci, kuma na ga ya fi kyau in kawo ta gaban waɗanda suka riga ni ganin duniya.

Shekarata 29. Na shiga jami'a a 2016 domin karatun injiniyan lantarki, wanda a ƙa'ida shekara biyar ne, amma ban fito ba sai 2023, saboda yajin aikin malamai ya same mu har sau uku: na ƙarshen 2018, da na wata tara a 2020, da na wata takwas a 2022. Na yi bautar ƙasa a lokacin da alawus yake naira 33,000, kuma daga cikinsa na riƙa cire abin da na sayi mita da filaya da 'yan kayan aiki. Tun da na gama nake cike takardun neman aiki. Wurare da yawa suna rubuta cewa ba sa ɗaukar wanda ya haura shekara 26 ko 27, alhali shekarun da suka hana ni shiga wannan layi ba a yawo na ɓatar da su ba. Sau ɗaya aka kira ni gefe aka ce in kawo naira miliyan ɗaya da rabi a ba ni gurbi a wata ma'aikata, na ce ko da ina da su ba zan fara rayuwata da wannan ba.

Abin da nake so a raina ba kujerar ofis ba ce. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, manoman rani da ke ban ruwa da injin fetur suka shiga wani hali. Na bi wani maigidana mun haɗa famfon sola a gonaki uku, na ga yadda manomi yake tsayawa yana kallon ruwa yana fita daga tiyo ba ƙara ba hayaƙi. Burina in buɗe shagona, in riƙa haɗawa da gyarawa, in ɗauki yara biyu ko uku in koya musu, in yi aure, in ɗauke wa mahaifiyata kuɗin magani.

To, makon jiya kawuna ya zo da magana. Wani mai neman takarar majalisar wakilai a 2027 yana neman matasa masu ilimi da za su riƙa yi masa aiki a Facebook da TikTok. Za a ba ni waya da data da naira 60,000 a wata, da alƙawarin takardar ɗaukar aiki idan ya ci. Aikin shi ne in yabe shi, in kuma mayar da martani ga duk wanda ya taɓa shi. Ban san mutumin ba, ban san abin da ya taɓa yi wa mazaɓarsa ba. Na yi zaɓe a 2019, na yi a 2023, kuma gaskiya zuciyata ta yi sanyi da zaɓe gaba ɗaya. Tambayata biyu ce: shin in karɓa, kuma shin akwai sauran dalilin da zai sa matashi irina ya sake bin layi a rana?

Auwalu Gwammaja:

Wa alaikumus salam. Injiniya, ni wannan aikin nake yi shekara huɗu ke nan, kuma ba na ɓoyewa. Ka karɓa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne, kuma ka san malamai nawa ne a makarantun kuɗi da ke unguwanninmu suke wuni a tsaye a kan abin da bai kai rabin haka ba. Kai za ka samu 60,000 kana zaune, da lokacin da za ka ci gaba da zuwa gonaki. Idan ka tara na wata shida ka sayi famfo ɗaya da farantansa, ka ga aikin siyasa ya haifar maka da jarin sana'a. Dukiyar da ke hannun waɗannan mutane ta jama'a ce, kuma idan kai ka ƙi karɓa wani zai karɓa kafin la'asar. Da babu gara ba daɗi.

Zainab Tudun Wada:

Ɗan'uwa Sadiƙu, zan fara da tambayarka ta biyu, domin ni na riƙe rumfar zaɓe a 2023 lokacin ina bautar ƙasa, daga safiyar 25 ga Fabrairu har aka ƙirga ƙuri'a ta ƙarshe da hasken fitilar waya.

A rumfata mutum ɗari bakwai da wani abu ne a rajista, waɗanda suka zo ba su kai ɗari biyu ba, kuma mafi yawansu mata ne da dattawa. Samarin unguwar suna zaune a gindin wata bishiya suna kallonmu. Abin da na gani a rumfa ɗaya shi ne ya faru a ƙasa baki ɗaya: mutum miliyan 93 da 'yan kai ne suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba, kuma wanda ya ci ya ci ne da ƙuri'a miliyan 8.79. Ka auna wannan da yawan waɗanda suka zauna a gida. Mai sayen ƙuri'a yana son rumfar da mutum ɗari da hamsin za su zo, domin kuɗinsa zai iya isar su. Ranar da ɗari shida suka fito, taliya da sabulu ba za su kai ko'ina ba.

Ba zan ce maka komai ya tafi daidai ba. An yi wa 'yan ƙasa alƙawarin cewa za a ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfa a shafin intanet na hukumar zaɓe mai suna IReV nan take, amma na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a wannan rana, hukumar zaɓe ta ce matsalar na'ura ce, kuma wannan ya karya wa mutane da yawa gwiwa. Sai dai na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta rage tsohuwar hanyar dangwala wa waɗanda ba su zo ba, kuma sakamakon ya nuna haka. A Zamfara Dauda Lawal ya kayar da gwamna mai ci. A Kano jam'iyyar da ke mulki ta faɗi. A Kebbi gwamna mai ci ya nemi kujerar sanata bai samu ba. A Nguru ta jihar Yobe wani matashi, Lawan Musa Majakura, ya kayar da shugaban majalisar dokokin jihar da 'yar rata ƙanƙanuwa. Da samarin Nguru sun zauna a gindin bishiya kamar na rumfata, da wannan bai faru ba.

Malam Habibu Mai Ritaya:

Ɗana Sadiƙu, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka miƙa hannu. Ni na koyar a firamare shekara 35, kuma na yi siyasar jam'iyyar PRP ina saurayi, saboda haka kada wani ya ɗauka ina ƙyamar siyasa. Ina so in raba maka abu biyu da yaran yanzu suka haɗe su wuri guda.

Akwai ɗan jam'iyya, akwai ɗan haya. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agusta 1950, matasa ne suka kafa ta, kuma Malam Aminu Kano da ya zama jagoranta shekararsa talatin a lokacin. Teloli da mahauta da 'yan koli ne suka riƙe ta, an ɗaure su, an yi musu bulala, wasu an kore su daga garuruwansu, kuma ba wanda yake ba su alawus a ƙarshen wata. Ɗan Masanin Kano Maitama Sule ya shiga majalisar tarayya a 1954 yana ɗan shekara ashirin da biyar. A 1979 da PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi bai cika arba'in ba. Mu a unguwarmu da kuɗinmu muke sayen katin jam'iyya, mu haɗa kuɗin motar da za ta kai mu taro, kuma saboda aljihunmu ya shiga ciki, muna da bakin da za mu tsayar da ɗan takara mu ce masa ya yi kuskure.

Abin da kawunka ya kawo maka haya ce. Kai da bakinka ka ce ba ka san mutumin ba. Yau za a ce ka yabe shi, ka yaba, wannan mai sauƙi ne. Gobe wani dattijo sa'an mahaifinka zai rubuta cewa rijiyar burtsatsen da aka yi musu ta lalace, a turo maka a ce ka yi masa raddi, kuma raddin da ake so ba na hujja ba ne, na cin mutunci ne. A ranar ba za ka iya cewa a'a ba, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan kana son siyasa, je ka mazaɓarka ka yanki kati, ka halarci taro, ka nemi ko da sakataren matasa ne, ka yi magana da sunanka. Wannan zan sa maka albarka a kai.

Auwalu Gwammaja:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa idan na ja da maganarka, amma zamaninku da namu ba ɗaya ba ne. Telan da ya sayi katin PRP yana da ɗinki. Saurayin da ya gama sakandare a lokacin yana iya shiga masaƙa a Bompai ko Sharaɗa, ko ya tafi Kakuri a Kaduna, ya fito da albashi. Yau galibin waɗannan masana'antu a rufe suke, wasu sun koma ɗakunan ajiye kaya. Wanda cikinsa ya ƙoshi shi ne yake iya ba jam'iyya gudummawa.

Batun kuma ya shiga ya yi takara da sunansa, an yi mana wannan waƙar. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya rage shekarun takara, majalisar wakilai da ta jiha suka dawo 25, shugaban ƙasa 35, muka yi ta murna. Da 2022 ta zo, jam'iyya mai mulki ta sa fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2, ita kuma babbar jam'iyyar adawa ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40. Ko an yi wa matashi rangwame, fom ne kawai ya samu, sauran daliget, wato wakilan jam'iyya masu fitar da ɗan takara, kuma kowa a zauren nan ya san da abin da aka riƙa shawo kansu a 2022. An buɗe ƙofar shekaru, an bar ta kuɗi a kulle. Saboda haka matashin da ba ɗan kowa ba hanya ɗaya ce ta rage masa ya kusanci gwamnati, ita ce ya raɓu da wanda yake da kuɗin. Ni ban ce hanyar tana da kyau ba, na ce ita ce take akwai.

Malam Habibu Mai Ritaya:

Auwalu, maganarka ta masana'antu gaskiya ce, ban musa ba, kuma laifin rufewarsu yana wuyan mu manya. Amma ka amsa mini abu ɗaya. A shekara huɗun da ka yi, sau nawa ka shiga ɗakin da ake yanke shawara, aka tambaye ka ra'ayinka a kan abin da za a yi wa Gwammaja?

Mamman Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa ga manyan zaure. Ni daga Nijar nake, kuma ina so ɗan'uwana Sadiƙu ya ji daga bakin wanda a yanzu ba shi da rumfar da zai je. A watan Afrilu 2021 muka ga abin da ba mu taɓa gani ba tun samun 'yancin kai, zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum, kuma matasa da yawa sun fito sun yi murna, ni ma ina cikin waɗanda suka ce gara haka, domin mun gaji da 'yan siyasar da ba ma ganinsu sai lokacin yaƙin neman zaɓe, irin gajiyar da kake faɗa yanzu. Bayan haka aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, kasuwancin da ke tsakanin Maraɗi da Jibiya ya tsaya, ni kuma da shi nake ci. A watan Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, aka tsayar da wa'adin shekara biyar.

Mutanenmu sun rabu a kan wannan al'amari, kuma akwai abubuwan da ake yaba wa masu mulkin yanzu a kansu. Abin da ni na gane a karan kaina shi ne, a da idan magajin gari ya ɓata mana rai muna ƙirga watannin da suka rage masa, yanzu ba abin da za mu ƙirga. Kada ka jefar da katinka saboda fushi.

Hajiya Rabi Mai Atamfa:

Sadiƙu ɗana, ni ba 'yar boko ba ce sosai, kasuwa na sani, saboda haka ta nan zan zo maka. Da farko ina roƙon 'yata Zainab, idan ana maganar matan da ke karɓar taliya a riƙa sassautawa. A watan Fabrairun 2023 da aka canja kuɗi, na ga mace da kuɗinta a banki ta kwana da yaranta ba su ci ba, saboda ba takardar kuɗi a gari. Wadda ke cikin wannan hali idan aka miƙa mata kwalin taliya ba za ta tsaya tunanin shekara huɗu ba. Wanda ya kai ta ga haka shi ne abin zargi.

Kai kuma ba ka kai wannan matsayi ba, domin kana da sana'a a hannu. A kasuwa suna shi ne jari. Manomin da za ka haɗa wa famfo na miliyan ɗaya zai ba ka amanar kuɗin da ya tara shekara guda, kuma manoma kowace jam'iyya akwai su. Ranar da ya buɗe waya ya ga kai ne kake zagin ɗan takararsa, ko malaminsa, ya gama da kai, kuma zai gaya wa maƙwabcinsa na gona. Naira 60,000 za ta ƙare ranar da aka rufe akwati, abin da ka rubuta kuma yana nan, har iyayen yarinyar da za ka nema sai an nuna musu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma ka kula da kawunka. Shi alheri ya nufe ka da shi, kuma wataƙila ya riga ya yi wa mutanen alƙawari. Kada ka ba shi amsa ta waya. Ka fara shawo kan mahaifiyarka, ku je tare, ka durƙusa ka yi masa godiya, sannan ka roƙe shi ya taimake ka ta wata hanyar, ko da tsaya maka ne wurin mai sayar da kayan sola ya ba ka bashi.

Sadiƙu Kurna:

Na gode ƙwarai, iyayena. Ba zan ɓoye muku ba, lissafin Yaya Auwalu shi ne wanda nake yi da dare. Maganin hawan jini da na suga da mahaifiyata take sha ya ninka kuɗinsa cikin shekara biyu, kuma akwai watan da ba na samun aikin haɗa ko da fitila ɗaya.

Anti Zainab, hujjojinki sun shige ni, amma bari in faɗi inda ciwon yake. Ba ƙirgar ƙuri'a ce kaɗai ta sanyaya mini jiki ba, abin da ke biyo bayanta ne. Na ga an canja gwamnati a 2015, na ga an canja a jiharmu a 2023, amma hanyar samun aiki ba ta canja ba, har yanzu sai kana da wanda zai ɗaga waya saboda kai. A 2023 majalisar wakilai da kanta ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya, aka yi ta jin shaidu a talabijin, mu masu neman aiki muna jiran mu ga abin da zai sauya. Hukumar ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sannan a 2023 ta sauya ma'auni ya dawo kashi 4.1, domin yanzu duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. A wannan ma'auni ni ma ina da aiki. Da matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Agusta 2024, abin ya rikiɗe ya zama fashe-fashe, aka sa dokar hana fita a Kano, daga baya muka ga yara ƙanana a kotu a Abuja suna faɗuwa saboda galabaita kafin a ba da umarnin sakinsu. Idan titi ya ƙare a haka, akwati kuma ya canja fuska bai canja hali ba, ta ina matashi zai bi a ji shi?

Zainab Tudun Wada:

Tambayarka tana da nauyi, kuma ba ni da amsar da za ta share ta gaba ɗaya. Abin da na lura da shi shi ne mun tattara hankalinmu kacokan a kan kujerar shugaban ƙasa da ta gwamna, inda ƙuri'arka ɗaya ce cikin miliyoyi, mun bar kujerun da ƙuri'a ɗari biyu take juya su. Mutum nawa ne a zauren nan za su iya faɗin sunan ɗan majalisar jiharsu da abin da ya gabatar a zauren majalisa? A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ko an aiwatar ko ba a aiwatar ba, sai an samu masu bibiya a matakin mazaɓa kafin talaka ya ga amfaninsa. Injiniya irinka da zai iya duba fitilun titi na sola da aka kafa a unguwa ya ce wannan batirin ba zai yi shekara ba, ya rubuta da hujja da sunansa, ya fi sojan baka ɗari tasiri. Idan ka karɓi alawus ɗin nan, wannan bakin ne ka sayar.

Sannan akwai haɗarin da ba a gaya wa masu shiga aikin. An sha kama matasa a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 saboda abin da suka rubuta a kan masu mulki. Wanda sunansa yake kan rubutun shi ake ɗauka, ba wanda ya biya kuɗin data ba.

Alhaji Sani Kura:

Salamu alaikum. Ɗana ne ya nuna mini wannan magana ya ce ta shafe ni. Ni manomin rani ne, ina noman tumatir da albasa da alkama. Gonata ɗaya tana shan ruwan kanal da ke zuwa daga dam ɗin Tiga, biyu kuma suna wajen layin ruwa, da inji nake ba su. Bara kuɗin fetur ya kusa cinye ribar albasata, na mayar da injin ɗaya ya koma gas, shi ma gas ɗin ya tashi. Mutanenmu da yawa suna son sola, abin da ke tsorata mu shi ne masu haɗawa. Wani ya zo daga birni ya haɗa wa maƙwabcina, bayan wata biyu famfon ya ƙone, ya kira shi har ya gaji bai ɗauka ba. Muna neman wanda zai haɗa, ya kuma dawo idan ta lalace.

Injiniya, idan da gaske kake, ka zo ranar Asabar ka same ni a Kwanar Gafan, in kai ka ka ga gonakin, ka auna zurfin rijiyar ka gaya mini abin da zai ci. Ni zan sayi kayan da kuɗina, ladanka kuma rabi a hannu, rabi idan an ɗebe tumatir. Ina gaya maka tun yanzu, noma ba albashi ba ne. A 2016 tsutsar da muke kira sharon ta cinye mana tumatir gaba ɗaya, kuma shekarar da kaya suka yi yawa kwando yana faɗuwa har mu bar shi a gona. Idan ka yarda da wannan, mu huɗu ne a layinmu da muke shawara.

Batun zaɓe kuma, mu a ƙungiyarmu ta manoma mun daina karɓar buhun taki a hannun ɗan takara. Muna kiransa ya zo ya ga inda ciyawar kachalla ta toshe kanal da hanyar da mota ba ta iya shiga da damina, ya faɗi abin da zai yi a gaban jama'a. Wani ya cika, wani bai cika ba, wanda bai cika ba mun juya masa baya a zagaye na gaba, kuma ya ji a jikinsa.

Auwalu Gwammaja:

Baba Malam, na ga tambayarka tun jiya, na yi shiru ne saboda amsar ba ta da daɗi. Ban taɓa shiga ɗakin ba. Wanda na fara yi wa aiki ya ci zaɓe, bayan rantsuwa layinsa ya daina shiga, takardar aikin da aka yi mana alƙawari mu goma sha biyu mutum ɗaya ne ya samu, shi ma ɗan 'yar'uwarsa ne. Akwai kuma wani malamina na islamiyya da har yau ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska saboda wani abu da na rubuta. Duk da haka ni zan ci gaba zuwa 2027, domin ina da mata da yara biyu kuma ba ni da sana'ar hannu. Sadiƙu yana da ita. Injiniya, na janye shawarata ta farko, ka tafi Kura. Idan shagon ya tsaya da ƙafarsa, ina da ƙane da ya gama sakandare yana zaune, ina roƙon ka sa shi cikin yaran da za ka koya wa.

Sadiƙu Kurna:

Iyayena, ga yadda aka yi. Na bi shawarar Hajiya, daren jiya muka je gidan kawu ni da mahaifiyata. Bai ji daɗi ba, ya ce ya riga ya ba da sunana kuma na sa shi jin kunya, ya ce yaran yanzu muna da girman kai alhali aljihunmu babu komai. Na yi shiru har ya gama, na ba shi haƙuri. Da za mu fito ya ce in kawo masa lissafin kayan a rubuce ya gani, bai ce zai tsaya mini ba, bai kuma ce ba zai tsaya ba. Mahaifiyata ba ta yi magana a hanya ba sai da muka isa ƙofar gida, ta ce in tabbata na riƙe amanar manoman nan.

Game da zaɓe, har yanzu zuciyata ba ta kwanta da kowa ba a kujerun sama, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa ta kwanta ba. Amma katina yana rumfar da na yi rajista kusa da makaranta, zan nemi a dawo mini da shi Kurna, kuma na fara tambayar sunayen masu neman majalisar jiha a mazaɓarmu domin in san su tun kafin su fara rabon kaya. Yaya Auwalu, ka turo ƙanen naka ya raka ni tun wannan tafiyar, ya riƙe mini igiyar awo. Alhaji, in Allah ya yarda zan taso bayan sallar asuba ranar Asabar. Ina roƙon a sanar da ni faɗin bakin rijiyar da kuma inci nawa ne tiyon da kuke amfani da shi yanzu, domin in san irin famfon da zan yi wa lissafi.